Girizili da Mai Kyamara: Tazarar da Ke Raba Hoto da Ajali

Girizili nau'i ne na beyar mai launin ƙasa-ƙasa da ke zaune a arewa maso yammacin nahiyar Amurka ta Arewa. Mafi yawansu suna jihar Alaska, inda ake ƙiyasta kusan 30,000, sai yammacin Kanada. A sauran jihohin Amurka, inda ake jin sun kai 50,000 kafin Turawa su kutsa yamma da bindiga da tarko da guba, abin da ya rage bai wuce kusan 2,000 ba, galibi a Montana da Wyoming da Idaho. A shekarar 1975 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin dabbobin da doka ta ba wa kariya, lokacin da aka ƙiyasta saura 136 kacal a yankin gandun dajin Yellowstone. Yanzu na wannan yankin sun kai kimanin 1,000. Yawan dabbar ya ƙaru, masu zuwa ɗaukar hotonta sun ƙaru fiye da haka, shi ya sa gamuwa tsakaninsu ta zama ruwan dare.

Ana gane girizili da tozon da ke kafaɗarsa, wanda tsoka ce zalla ta haƙar ƙasa, da fuska mai ɗan lotsawa tsakanin ido da hanci, da gajerun kunnuwa, da faratan gaba da kan kai santimita 10. Ɗan'uwansa baƙin beyar ba shi da tozo, fuskarsa miƙaƙƙiya ce, kunnuwansa sun fi tsawo. Launi kuwa yaudara ne, don akwai baƙin beyar mai ruwan ƙasa, akwai girizili mai duhu sosai. Bambance su na da muhimmanci, domin abin da ake yi idan wannan ya kai hari daban yake da abin da ake yi idan wancan ne.

Namijin girizili a Yellowstone kan kai kilo 300, na bakin teku a Alaska da ke ƙoshi da kifi kuma yakan haura 450. Duk da wannan nauyi yana gudun kilomita 56 a awa, wato kusan mita 15 a kowace daƙiƙa. Usain Bolt, ranar da ya kafa tarihin tseren mita 100 a birnin Berlin a 2009, ƙololuwar gudunsa kusan kilomita 44 ne a awa. Hancin girizili kuwa ya fi na kare nesa ba kusa ba, kuma da hanci yake fara sanin duniya kafin ido.

Inda sana'a ke karo da dokar tsira

Shawarar da ma'aikatan gandun daji ke bai wa kowane baƙo ba ta da wuyar ganewa. A yi tafiya mutum uku ko fiye, a riƙa ɗaga murya, a guji duku-dukun asuba da goshin magariba, a bar iska ta kai wa dabba warin mutum tun daga nesa, a sa ido ko'ina. Manufar duka ita ce kada a yi wa girizili ba-zata, domin yawancin hare-harensa na kare kai ne. Dabbar da ta ji mutum na zuwa tun da nisa takan kauce ba tare da an ma gan ta ba.

To, mai ɗaukar hoton namun daji sana'arsa ta koya masa akasin wannan duka. Ya fi son fita shi kaɗai, don surutun abokin tafiya na korar dabba. Saɗaɗawa yake yi. Hasken da yake nema shi ne na fitowar rana da faɗuwarta, daidai lokacin da girizili ke kiwo. Yakan bi ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, kamar yadda mafarauci ke yi. Idan kuma ya kafa ido a kyamara, duniyarsa ta koma ɗan tagar nan da yake leƙawa, ba ya ganin abin da ke gefensa balle na bayansa. Dogon madubin kyamara ma yakan ruɗa ma'aunin nisa, mutum ya ɗago kai ya tarar dabbar ta iso inda bai zata ba. Alƙaluman Yellowstone sun nuna cewa daga 1970, kashi 91 cikin 100 na waɗanda beyar ya raunata a gandun suna tafiya ne su kaɗai ko su biyu. Mai kyamara yawanci cikin wannan rukunin yake faɗawa, kuma da ƙafarsa yake kai kansa.

Akwai mutum uku da kyamarorinsu suka ba da shaidar yadda abin ke faruwa. A watan Oktoba na 1986 wani mai ɗaukar hoto ya bar motarsa a kwarin Hayden cikin Yellowstone, ya bi wata girizili mace da ta saba da mutane. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa kusa da kyamararsa, bincike kuma ya nuna ya matsa kusa ƙwarai. A watan Afrilu na 1987, a gandun Glacier da ke Montana, wani ya hango uwa da 'ya'ya uku a gefen dutse, ya hau ya bi su, bai dawo da rai ba. Da aka wanke fim ɗinsa aka ga jerin hotuna, dabbar na ƙara girma daga wannan zuwa wancan, har zuwa na ƙarshe. A watan Agusta na 2012, a bakin kogin Toklat cikin gandun Denali na Alaska, wani matafiyi ya tsaya yana ɗaukar hoton babban namiji na kimanin minti takwas, tazararsu kamar mita 45. Lokacin da kyamarar ta rubuta a jikin kowane hoto shi ya nuna haka. Shi ne mutum na farko da beyar ya kashe a tarihin wannan gandu, wanda aka kafa tun 1917. Dukansu ukun su kaɗai ne, kuma dukansu sun sami damar juyawa amma suka ci gaba da danna kyamara.

Lissafin tazara

Kowane gandu yana da ƙa'idarsa. A Yellowstone da Grand Teton da Glacier, doka ta hana kusantar beyar ko kyarkeci ƙasa da yadi 100, wato mita 91. A gandun Banff na Kanada mita 100 ne. A Denali, inda yawancin fili yake fetal babu bishiyoyi, yadi 300 ne, kusan mita 275. A Katmai, inda kifi ya wadata har dabbobin suka saba da cunkoso a bakin ruwa, yadi 50 ne. Bambancin ya biyo halin dabbobin kowane wuri. Girizilin tsakiyar ƙasa, mai wahalar neman abinci, ya fi na bakin teku saurin fushi da buƙatar fili, don haka abin da mutum ya gani a fim ɗin Katmai ba zai yi masa aiki a Montana ba.

Mita 91 kan yi wa sabon shiga kamar nisa mai yawa, amma girizili na cinye ta cikin daƙiƙa shida. Mita 45 kuwa daƙiƙa uku ce, lokacin da bai isa a sauke kyamara daga ido a laluba ɗamara ba. Dokar kuma tana aiki ko da dabbar ce ta matso: wanda ya tsaya a wuri ɗaya har girizili ya iso kusa da shi, wajibinsa ne ya ja da baya.

Kayan aiki ne ke cike wannan tazara. Madubin kyamara mai milimita 600, a kan kyamara mai cikakken faifai, yana ɗaukar faɗin kusan mita biyar da rabi daga nisan mita 91. Girizili mai tsawon mita biyu zai cika fiye da sulusin hoton, abin da ya isa a buga a kowace mujalla. Kyamarar wayar salula ta yau da kullum kuwa, daga wannan nisan, tana kwaso faɗin sama da mita 120, dabbar ta fito kamar ɗigon tawada. Kafin ta cika sulusin hoto a waya sai an matsa kusan mita huɗu ko biyar. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana abin da ya sa masu waya suka fi kowa karya doka. Wanda ba shi da halin sayen dogon madubi yana iya haya, ko ya jona wayarsa da madubin hangen nesa, ko kuma ya haƙura ya ɗauki dabbar ƙarama cikin faɗin daji da duwatsu, hoton da sau da yawa ya fi na kusa kyau. Ƙananan jirage marasa matuƙa ba mafita ba ne, don tun 2014 aka haramta su a dukkan gandayen ƙasa na Amurka.

Karanta dabba da karanta wuri

Girizili ba ya ɓoye damuwarsa. Yana huci da ƙarfi, yana kaɗa muƙamuƙi har a ji haƙora na ƙarar ƙwas-ƙwas, yana dukan ƙasa da dagi, yana kwantar da kunnuwa, wani lokaci ya yi ta hamma ko dalalar da yawu. Duk waɗannan gargaɗi ne. Miƙewa tsaye a kan ƙafafun baya, wadda masu fim suka mayar alamar hari, yawanci ƙoƙarin gani da shinshina ne kawai. Ma'aunin da ƙwararrun masu hoto ke amfani da shi ya fi na doka tsauri: idan dabba ta bar kiwo ta ɗago kai tana kallon mutum, ko ta sauya hanya saboda shi, to an matso da yawa, ko da tazarar ta haura ta doka.

Yanayi biyu ne suka fi kowanne haɗari. Na farko uwa mai 'ya'ya. Tana haihuwa a cikin rami a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin dogon barcin hunturu, 'ya'yan kuma su zauna tare da ita shekara biyu zuwa uku. Manyan maza na kashe ƙanana, saboda haka ta tashi da ɗabi'ar afka wa duk abin da ya kusance su. Hoton 'ya'yan girizili na wasa shi ne kowa ke so, kuma shi ne ya fi kowane hoto tsada wajen rai. Na biyu dabbar da ke gadin mushe. Girizili kan rufe naman da bai cinye ba da ƙasa da ganye, ya kwanta kusa yana tsaro. Ɗoyi, ko tarin hankaki na shawagi a wuri ɗaya, ko tudun ƙasa da aka tona sabo, alamu ne na a koma ta inda aka fito nan take.

Watanni ma suna da nasu hali. Daga Maris zuwa Mayu dabbobin ke fitowa daga ramuka da yunwa, su bi mushen da sanyi ya kashe. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba sukan shiga wata irin haɗamar ci don tara kitsen hunturu, har su yi ta kiwo kusan dare da rana. Dabbar da ta dulmuya cikin cin 'ya'yan itatuwa a kurmi ba ta jin takun mutum, haka ma wadda ke bakin rafi mai ƙara, ko wadda iska ke kaɗawa daga wajenta zuwa wajen mutum. A irin waɗannan wurare ne ake tafa hannu ana kiran dabbar da babbar murya. Ƙaramar ƙararrawar da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido su rataya a jaka ba ta da ƙarar da za ta kai ko'ina. Mafi dacewa ga mai hoto shi ne ya yi surutu a hanya, ya yi shiru sai ya isa fili inda yake hango ko'ina, kuma ya zo da wanda aikinsa kawai duba gefe da baya.

Feshin barkono da bindiga

Makamin da hukumomin gandun daji suka fi amincewa da shi gwangwani ne na feshi, mai ɗauke da sinadarin da ke sa barkono yaji. Aikinsa ya yi kama da na barkonon tsohuwa, sai dai daga barkono na gaskiya ake haɗa shi. Yana fita kamar gajimare, ya kai mita tara ko kusa da haka, kuma gwangwanin kan ƙare cikin daƙiƙa bakwai zuwa tara. Binciken da Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu suka buga a 2008, a kan gamuwar da aka yi a Alaska daga 1985 zuwa 2006, ya nuna feshin ya dakatar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 na mutanen da ke ɗauke da shi sun fita ba rauni. Wani binciken nasu na 2012 a kan bindiga ya gano cewa masu riƙe da ita sun ji rauni kusan daidai wa daida ko sun harba ko ba su harba ba. Dalilin a bayyane yake. Harbin abin da ke tahowa da gudun mita 15 a daƙiƙa, yana tsalle, hannu na rawa, aiki ne na ƙwararren maharbi, girizilin da aka raunata kuma ya fi lafiyayye muni.

Matsalar mai hoto ita ce hannuwansa biyu suna kan kyamara. Feshin da ke cikin jakar baya, ƙarƙashin batura da madubai, daidai yake da wanda aka bari a gida. A ɗamara ko a ƙirji ake rataye shi, inda igiyar kyamara ba za ta harɗe shi ba, a kuma yi ta gwada zare shi da cire makullinsa har hannu ya saba. Ana fara fesawa idan dabba mai tahowa ta shigo ƙasa da mita 18, a karkata bakin gwangwanin ƙasa kaɗan don ta kutsa cikin gajimaren. Iska mai ƙarfi na iya mayar wa mutum da shi a fuska. Ba a shafa shi a jiki ko a tanti kamar maganin sauro, domin warinsa bayan ya bushe jawo beyar yake yi. Yana da ranar lalacewa a jikin gwangwani, kuma ba a shiga jirgin sama da shi, sai an sauka ake saye ko a yi haya.

Idan gamuwa ta auku, abu na farko shi ne kada a gudu, don gudu na tayar wa dabbar da ɗabi'ar bi. A sauke kyamara, a zaro feshi, a yi magana cikin murya natsattsiya, a riƙa ja da baya a hankali, 'yan tafiya kuma su haɗu wuri ɗaya. Sau da yawa girizili kan taho a guje sannan ya birki ko ya kauce saura 'yan taku. Wanda ya tsaya cak ya fi samun wannan sa'a. In dabbar ta kai ga taɓa mutum a harin kare kai, sai a kwanta rub da ciki, a haɗa yatsu a bayan wuya, a ware ƙafafu don kada ta birkice mutum, a bar jakar baya a jiki ta kare gadon baya, a yi lamo har ta tafi, a kuma ƙara jira. Amma idan dabbar ta riƙa bin mutum shiru tana fakonsa, ko ta shigo tanti da dare, ko kuwa baƙin beyar ne, to farauta ce, kwanciya ba ta da amfani. Nan faɗa ake yi da duk abin da ke hannu, har da ƙarfen da ake ɗora kyamara, a nufi ido da hanci.

Zango, abinci da sabo

Daren 13 ga Agusta, 1967, girizili biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu a wurare biyu cikin gandun Glacier. Dukansu dabbobi ne da suka saba cin shara da ragowar abincin mutane, a ɗaya wurin ma da gangan ake zuba musu don baƙi su yi kallo. Wannan dare ya sauya tsarin gandayen Amurka. Aka rufe jujin shara, aka kawo akwatunan da beyar ba ya iya buɗewa, aka hana ciyar da dabbobi. Mai hoton da zai kwana a daji yana girki da ajiye abinci kusan mita 90 daga inda yake barci, ya rataye kayan abinci da sabulu da man goge baki aƙalla mita uku daga ƙasa, ko ya zuba su cikin tulun roba mai ƙarfi da aka yi don haka. Masu daɗewa a wuri ɗaya kan kewaye tanti da shingen lantarki mai aiki da batir. Ajiye nama don a jawo dabba gaban kyamara laifi ne a gandayen, kuma mugun gado ne ga duk wanda zai bi ta wurin daga baya.

Michio Hoshino, fitaccen mai hoton Japan wanda ya shafe shekaru yana aiki a Alaska, ya mutu a watan Agusta na 1996 a bakin tafkin Kuril da ke Kamchatka a Rasha, lokacin da wani beyar mai ruwan ƙasa da ya saba da abincin mutane ya afka wa tantinsa. Hoton nan da ke yawo a intanet na beyar ya leƙo tanti, ana cewa shi ne na ƙarshe da ya ɗauka, haɗi ne na kwamfuta. Timothy Treadwell kuwa ya yi shekara 13 yana zuwa Katmai kowane lokacin zafi, yana raɗa wa dabbobin sunaye, yana matsawa har ya taɓa su, ya ƙi shingen lantarki, ya kafa tanti a kan hanyarsu. A farkon Oktoba na 2003, lokacin haɗamar ci, wani beyar ya kashe shi da abokiyar tafiyarsa. Kyamararsa na kunne, murfi a rufe, sauti kawai ta ɗauka. Werner Herzog ya yi fim a kansa a 2005 mai suna Grizzly Man. Shekara 13 ba tare da rauni ba sun sa ya ɗauka ya fahimci dabbar, alhali sabo ne kawai, sabo kuwa turken wawa ne.

Cewa ana iya ɗaukar hoton girizili daga kusa cikin aminci gaskiya ne, amma da sharaɗi. A kogin McNeil na Alaska, mutum goma kaɗai ake bari a rana, ta hanyar ƙuri'a, tun 1973. Ma'aikata ne ke raka su, suna bin hanya ɗaya, su zauna a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, har dabbobin suka san inda mutane suke da abin da za su yi. Beyar gommai kan taru suna kama kifi 'yan mitoci daga baƙi, kuma babu baƙon da aka raunata a wurin. A Brooks da ke Katmai akwai dandamali masu tsawo da shinge, kuma duk wanda ya sauka sai ya zauna an karanta masa dokoki kafin ya taka ko'ina. Hotunan nan na beyar ya buɗe baki kifi na faɗawa ciki daga irin waɗannan dandamali ake ɗaukarsu. A gefen titi kuma, mota ce mafaka mafi kyau, hoto ta taga ya wadatar.

Dabbar ce ke biyan mafi yawan kuɗin kuskuren mutum, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Girizilin 1986 an harbe ta, na Denali an harbe shi, a zangon Treadwell biyu aka kashe. Wadda aka fi ɗaukar hotonta a duniya, mai lamba 399 ta Grand Teton, ta yi renon 'ya'ya 18 a gefen titi gaban dubban kyamarori, mota ta kashe ta a watan Oktoba na 2024 tana da shekara 28. Kotuna ma sun daina ɗaukar lamarin da wasa. A watan Mayu na 2021 wata baƙuwa ta tsaya da wayarta tana ɗaukar uwa da 'ya'ya uku a Yellowstone bayan sauran mutane sun koma motocinsu, har uwar ta yi mata barazanar hari. Kotun tarayya ta ɗaure ta kwana huɗu, ta ci ta tara, ta kuma hana ta shiga gandun na tsawon shekara guda.